Landan zuwa Sidni kilomita nawa ne, awa nawa ne, kuma me yasa dawowa tafi zuwa daɗewa?

Malam ka tambaya nisan Landan zuwa Sidni ta Ostireliya a jirgin sama da kuma awa nawa ake yi, kace ka duba wuri uku ka samu amsa uku, wani yace awa 19 wani yace 22 wani kuma 24, har ka fara zargin ko wani ne yake ƙarya a cikinsu. Toh babu wanda yayi maka ƙarya, kowannensu abu daban yake ƙirgawa. Na daɗe ina aikin tsara ma jirage hanya da lissafin mai kafin su tashi, kuma wannan tambayar taka kusan kullum sai an yi mana ita ta wata siga, dan haka bari in warware maka ita a hankali.

Nisan dai shine abu mai sauƙi, dan baya canzawa. Daga filin jirgin Hitro na Landan zuwa filin jirgin Sidni, in ka bi hanya mafi gajarta akan doron ƙasa, kusan kilomita 17,000 ne. In kaga an rubuta 10,570 ko kusa da haka to mil ne irin na ƙasa, in kuma kaga wajen 9,190 to mil ɗin ruwa ne, wanda shi muke aiki dashi mu da matuƙa, mil ɗin ruwa ɗaya kilomita 1.852 ne, na ƙasa kuma 1.609. Kaga tun daga nan ma mutum zai iya rikicewa ya ɗauka nisa uku ne alhali abu ɗaya ne aka auna da ma'auni uku. Kuma dan ka gane girman tafiyar, zagayen duniya gaba ɗaya kilomita dubu 40 ne da ɗan ɗoriya, ma'ana babu wasu wurare biyu a duniyar nan da zasu fi kilomita dubu 20 nisa tsakaninsu, in ka wuce haka ka fara dawowa ne ta baya. Kenan Landan da Sidni sun kusa ƙure nisan da duniyar ma take dashi.

Yanzu lissafin farko da kowa zai iya yi da kansa. Manyan jiragen nesa irinsu Boeing 787 da Airbus A350 da A380 in sun hau sama sun daidaita suna gudun wajen kilomita 900 a awa. Raba 17,000 da 900 zaka samu awa 19 saura kaɗan. Daga nan awa 19 ɗin da ka gani ta fito, kuma ba lissafin takarda bane kawai, an taɓa yi. A watan Nuwamba 2019 kamfanin Qantas na Ostireliya ya ɗauki sabon 787-9 daga Landan zuwa Sidni ba tsayawa, yayi awa 19 da minti 19, amma mutum hamsin da ƴan kai ne kawai a ciki, jirgin da yake da kujeru 236, dan gwaji ne ake yi. Kafin shi a watan Agusta 1989 wani Boeing 747-400 na kamfanin yayi wannan tafiyar cikin awa 20 da minti 9, mutum 23 ne a ciki, an haɗa masa wani mai na musamman mai nauyi fiye da wanda aka saba, kuma har bakin titin tashi janshi akayi da mota ba'a kunna inji ba dan kar a ƙona ko lita ɗaya a banza. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda abun yake a bakin iyaka.

Amma kai fasinja da zaka sayi tikiti, abinda aka saba shine sai ka yada zango. Mafi shahara itace ta Singafo, Landan zuwa Singafo wajen kilomita 10,880, awa 13 da wani abu, a sauka a sha mai a gyara jirgi awa ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan Singafo zuwa Sidni wajen kilomita 6,300, awa 8 saura kaɗan. Haɗa su, awa 22 zuwa 23. Ga inda 22 ɗinka ta fito. Abun sha'awa shine in ka tara nisan biyu bai kai kilomita 17,200 ba, wato tsayawa a Singafo kusan bata karkatar da kai daga hanya ba sam, shi yasa tun da daɗewa garin ya zama zangon wannan tafiya. Ta Dubai kuma awa 7 ne zuwa can, sannan wajen awa 14 zuwa Sidni, nisan ya haura 17,500 kaɗan, amma anan jirgi zaka canza dan haka zaman jiran ya danganta da tikitin da ka saya, wani awa biyu wani awa tara, kuma wallahi mafi yawan bambancin da mutane suke gani tsakanin tikiti da tikiti daga zaman jiran nan yake, ba daga sama ba. Akwai kuma ta Perth da ke yammacin Ostireliya, wadda aka buɗe a watan Maris 2018, kilomita 14,500 a tashi ɗaya wajen awa 17, sannan ka ƙara awa 4 ka tsallaka Ostireliya zuwa Sidni. Ana ma iya bi ta yamma ta Los Anjelis amma nisan ya haura kilomita dubu 20, wannan sai in kana da wani uzuri a Amurka.

Sai maganar dawowa, wadda ni itace tafi min daɗin bayani. Sidni zuwa Landan ta wannan hanyar ta Singafo takan kai awa 24, wani lokaci ta wuce. Nisa ɗaya, jirgi ɗaya, amma an samu ƙarin awa ɗaya zuwa biyu. Mutane da yawa zasu ce maka ai juyawar duniya ce, wai jirgi yana sama ƙasa tana juyawa a ƙarƙashinsa. Haba dai. Da haka ne da dawowar ce ma zata fi sauri, tunda duniya gabas take juyawa, mai tafiya yamma sai Landan ta taho ta tarye shi a hanya. Gaskiyar magana iskar da jirgin yake ciki tare take juyawa da ƙasa, kamar yadda in kayi tsalle a cikin jirgin ƙasa mai gudu inda ka tashi nan zaka dira, ba zaka tsinci kanka a taragon baya ba.

Abinda yake kawo bambancin iska ce. Can sama tsakanin kilomita 9 zuwa 12, daidai inda jirage suke tafiya, akwai wasu koguna na iska masu gudu daga yamma zuwa gabas, a wajen aiki jet sitrim muke ce musu. Gudunsu yakan kai kilomita 150 zuwa 300 a awa, lokacin sanyi ma ya wuce haka. Bambancin zafi tsakanin tsakiyar duniya da ƙuryoyinta masu ƙanƙara ne yake haifar dasu, juyawar duniya kuma ita take karkata su su nufi gabas, dan haka mai cewa juyawar duniya ce bai faɗi gaba ɗaya ba, hannunta yana ciki amma ta bayan gida. Shi jirgi gudun 900 ɗin nan a cikin iska yake yinsa, ba akan ƙasa ba. In iskar tana tura shi ta baya da gudun 100, a ƙasa 1,000 yake ci a awa. In ta gaba take bugunsa, 800. Mai zuwa Sidni gabas ya nufa, iska tana bayansa, mai dawowa kuwa ƙirji yake bata.

Ga wani abu da ko wasu masu aikin sai sun zauna da biro suke yarda. Ɗauki tafiyar kilomita 10,000. Babu iska, awa 11 da minti 7. Iskar 100 a baya, awa 10 cif, ka ci ribar awa ɗaya da minti 7. Iskar 100 a gaba, awa 12 da rabi, kayi asarar awa ɗaya da minti 23. Kaga asarar tafi ribar, saboda ka daɗe a cikin iskar da take cutar ka fiye da wadda take taimakonka. Dan haka zuwa da dawowa in an haɗa kullum iska cin ka take, bata taɓa biyanka daidai.

Misalin da kowa ya fi sani a wannan harka shine Niyu Yok zuwa Landan, kilomita 5,540, zuwa wajen awa 7 dawowa wajen 8. A watan Fabrairu 2020 lokacin guguwar da aka sa ma suna Ciara, wani 747 na British Airways ya shiga cikin kogin iskar nan ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56. Injinsa ba ƙara gudu yayi ba, ruwan ne ya tafi da kwale-kwalen. Kuma saboda wannan iskar ne muke barin gajeriyar hanya da gangan. Aikinmu ba neman hanya mafi gajarta bane, neman wadda zata fi ƙarancin lokaci da mai ne a wannan ranar, gobe kuma a sake sabon lissafi. Jirgin Singapore Airlines da yake haɗa Singafo da Niyu Yok, kilomita 15,300 da ɗoriya, awa 18 da wani abu, sau da yawa in zai je sai ya bi ta tekun Fasifik, in zai dawo maimakon ya juyo ta inda ya fito sai yaci gaba da nufar gabas ta tekun Atlantika da Turai, wato ya zagaye duniya kenan a zuwa da dawowa, duk dan iska ta zauna a bayansa.

Wata kuma da take rikita mutane itace taswirar da ke jikin kujera. Zaka ga jirgi ya tashi daga Landan maimakon ya miƙe kudu maso gabas inda Sidni take a taswira, sai layin ya lanƙwasa kamar baka, kace wannan matuƙin lafiyarsa kuwa. Laifin taswirar ne. Duniya dunƙulalliya ce, taswirar da aka fi amfani da ita kuma, irin wadda Mercator ya zana a 1569, shimfiɗe ta akayi, dole ta miƙar da ƙasashen da suke can sama da can ƙasa su yi faɗin da basu dashi. Samu ƙwallo da zare, ka ɗora yatsa a wuri ɗaya ka ja zaren ya ɗame zuwa wani wurin, inda zaren ya kwanta nan ne gajeriyar hanya. In kayi haka akan ƙwallon duniya tsakanin Landan da Sidni zaka sha mamaki, dan zaren arewa maso gabas zai fara nufa, ya ratsa Rasha da Kazakistan da Chaina, ya gangaro ta wajen Filifin kafin ya shiga Ostireliya ta arewa. Gani ya kori ji, ka gwada.

Kuma nan siyasa take shigowa. Tun watan Fabrairu 2022 da yaƙin Yukren ya ɓarke jiragen Birtaniya da na Tarayyar Turai basa bi ta samaniyar Rasha, to kaga wancan zaren da muka ja a yanzu bai biyuwa garesu, sai an sauko kudu ta wajen Turkiyya da tsakiyar Asiya ko ta yankin Gulf. Tafiyar Landan zuwa Tokiyo ce tafi jin jiki, an ƙara mata awa biyu ko fiye, ta Singafo da sauƙi dan dama hanyarta ta kudu-kudu ce. Duk sanda aka samu tashin hankali a Gabas ta Tsakiya ma sai an sake zane. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, babu kamfanin da zai kai jirgi da mutum ɗari uku inda ake harba makamai dan ya rage minti arba'in. Akwai kuma dokar jirage masu inji biyu, dole ko'ina suke a hanya ya zama akwai filin da zasu iya kaiwa da inji ɗaya cikin wani adadin mintuna, amma jiragen yanzu an basu dama mai faɗi, 787 har minti 330, A350 har 370, dan haka a wannan hanyar ba wani ciwon kai bace.

Zaka iya cewa toh tunda an yi ta ba tsayawa tun 1989 me ya hana a maida ita ta kullum. Mai ne. Mai yana da nauyi, lita ɗaya wajen giram 800, kuma jirgi sai ya ƙona mai kafin ya ɗauki mai. Man da zaka ƙona a awa ta 19 tun daga Landan kake dakonsa, awa 18 kana biya masa kuɗin mota, shi yasa duk awar da aka ƙara a ƙarshen tafiya tafi ta farko tsada nesa ba kusa ba. Jirgin ma in ya tashi a cike baya iya hawa can sama lokaci ɗaya, yakan fara a ƙafa dubu 31 ko 33, in ya ƙona mai yayi sauƙi ya ƙara hawa, a haka a haka har ya kai dubu 39 ko 41. Ga kuma man ajiya da doka ta wajabta, wanda zai kaika wani filin in na farko ya rufe, da na shawagin minti 30 a kansa, wannan ba'a taɓa shi a lissafi. Jirgi yana da iyakar nauyin da zai tashi dashi, in mai ya cinye wurin to fasinja da kaya ne zasu ragu, su kuma sune kuɗin. Shi yasa A350 ɗin da Singapore Airlines take zuwa Niyu Yok dashi kujeru 161 ne kawai, babu ma ƙaramin aji a ciki. Qantas kuma a 2022 tayi odar A350-1000 guda 12 da aka ƙara musu tanki na lita dubu 20, kujeru 238, musamman dan Sidni zuwa Landan da Sidni zuwa Niyu Yok ba tsayawa, kuma an tsara su ne su iya kai awa 22 a sama saboda ranakun da iska zata yi gardama a hanyar Landan. Ni dai a nawa ganin awa 20 a ƙaramar kujera ba ƙaramin aiki bane, na fi son in sauka in miƙe ƙafa in wanke fuska, amma na san masu cewa gara a sha wahalar sau ɗaya a huta, kuma yadda hanyar Perth ta samu karɓuwa ya nuna suna da yawa.

Lokacin da kake gani a tikiti kuma ba lokacin da jirgi yake sama bane zalla. Ana fara ƙirgawa ne daga sanda aka tura jirgi baya daga ƙofa har zuwa sanda ya tsaya a ƙofar can. Hitro titin jirgi biyu ne kacal garesu duk da cunkoson da suke dashi, zaka iya cin minti 20 ko 30 kuna bin layi a ƙasa, in zaku sauka da safe kuma a saku kuyi ta zagaye a sama kuna jiran layi. Kamfanoni sun san haka sai su ƙara ƴan mintuna a jadawali, shi yasa zaka ji matuƙi yace mun iso da wuri, ba wani gudu yayi ba, rarar da aka bashi ce bai cinye ba. Sidni kuma suna da dokar hana tashi da sauka daga 11 na dare zuwa 6 na safe saboda ƙarar jirage, dan haka wani lokacin in iska ta taimaka da yawa ma sai a rage gudu ko a jinkirta tashi daga zango, tunda ko kun iso ba za'a barku ku sauka ba.

Sai agogo, wanda shi ne yake sa mutane su rasa jirgi ko su bar mai tarbarsu a tsaye kwana guda. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da abun zai faru ne, na tashi agogon Landan, na sauka agogon Sidni. Sidni tana gaba da awa 11 daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, awa 9 daga farkon Afrilu zuwa farkon Oktoba, a ɗan tsakanin kuma awa 10, saboda duk ƙasashen biyu suna matsar da agogo amma a kishiyar juna, lokacin sanyin wannan shine zafin wancan. Misali a Disamba ka tashi Landan 9 na daren Litinin, tikiti yace sauka 6 da rabi na safiyar Laraba. A ido awa 33 da rabi kenan, cire 11, saura 22 da rabi. A dawowa ka tashi Sidni 4 na yammacin Litinin ka sauka Landan 5 na asubar Talata, a ido awa 13, ƙara 11, awa 24 kenan. Kaga abun dariya, tafiyar da tafi tsawo ita ce take kama da gajeriya a takarda. Ka riƙa duba inda aka rubuta jimillar awowin tafiya da ɗan +1 ko +2 ɗin nan da ake maƙalawa kusa da lokacin sauka, shine yawan kwanakin da kalanda ta matsa.

In awa 22 ta maka yawa ka tuna a Disamba 1947 da Qantas ta fara kai fasinja Sidni zuwa Landan da jirginta Lockheed Constellation kwana huɗu ake yi, ana sauka Darwin ta arewacin Ostireliya da Singafo da Kalkata da Karachi da Alƙahira da Tarabulus, ita ce ake kira hanyar kangaru, da sunan dabbar Ostireliyan nan mai tsalle-tsalle. A 1919 kuwa ƴan uwan nan biyu Ross da Keith Smith kusan kwana 28 suka yi daga Ingila zuwa Darwin kawai.

In tikiti zaka yanka, ka ɗauka zuwa awa 22 zuwa 23 ne, dawowa 23 da rabi zuwa 25, matuƙar zangon gajere ne. In jirgi zaka canza kar ka yarda da jiran da bai kai awa biyu ba, musamman a dawowa inda iska zata iya cinye maka rabin awa ba tare da kowa yayi laifi ba, kuma ka tabbata duka ɓangarorin tafiyar a tikiti ɗaya suke, dan in ka rasa na biyun kamfani ne zai nema maka wani, in kuwa daban-daban ka saya to daga aljihunka zaka sake biya.